Nauyin Kafaɗar Hagu

Bangon katako ne tsakanina da mutumin da nake so. Katako na gaske, mai farin fenti, wanda bai ma kai rufin ɗaki ba.

A gidan tausar da nake aiki, ɓangaren mata nawa ne, na maza kuma na Dogo. Masu zuwa wurinmu yawanci 'yan ofis ne, waɗanda zaman tebur ya sanƙarar wa wuya. Mutum zai shigo yana juyowa da jikinsa gaba ɗaya in an kira shi, ya fita yana sa mana albarka. Na fi Dogo daɗewa a aikin, saboda haka in ciwo ya gagare shi, ta saman katakon nake gaya masa inda zai sa hannu.

Yayata ce ta koya min tausa, Allah ya jiƙanta. Mai Zane kuwa, mai zanen gidajen da ke kwance a gadon Dogo ran nan, mijinta ne.

Kar ku tambaye ni yadda aka yi, don ni ma ban sani ba. Bayan rasuwar Yaya bai daina zuwa gaishe da Umma ba. Shekara ta zagayo har ta wuce, yana zuwa, ina kawo masa ruwa. Wata rana dai na ga hannuna yana rawa da kofin, na ɗago na ga nasa ma yana rawa. Da ya nemi aurena, Umma ta ce ko bayan ranta.

“Dogo, ka kamo jijiyar daga bayan kunne,” na ce ta saman katakon. “Ka gangaro a hankali, kar ka danna da ƙarfi.”

“Na gangaro.”

“Ka kai kan kafaɗar?”

“Na kai.”

“Me ka ji?”

Sai ƙarar fanka, sai numfashin Mai Zane da nake iya ganewa ko a cikin mutum dubu.

“Dogo, da kai nake.”

Muryar Mai Zane ce ta amsa, a shaƙe, don fuskarsa na cikin matashi. “Auta, ki ƙyale shi. Ya yi iya yinsa. Kullum haka ne, in na tashi daga nan sai na ji sakayau, ina komawa tebur sai ciwon ya dawo.”

Bayan ya tafi na tarar da Dogo a wurin wanke hannu. Ya buɗe ruwan zafi yana ta gasa yatsunsa, alhali garin ana zufa.

“Lafiya?”

Bai kalle ni ba. “Wurin nan sanyi gare shi, Auta. Duk jikin mutumin da ɗumi, amma kan kafaɗarsa ta hagu akwai wani ɗan wuri da ya lotsa, bai fi bakin kofi ba. In na sa yatsa sai na ji kamar na taɓa ƙanƙara. Na shafa mai, na ɗora tawul mai zafi, ina ɗagawa sanyin na nan.”

Raina ya ɓaci. Kowa ya san Dogo yana sona, kuma kowa ya san shi Umma take so min.

“Ka ji kunya wallahi,” na ce. “Da ka rasa ta inda za ka ɓullo, sai ka koma ƙirƙiro masa aljanu?”

Ya kashe famfon ya juyo. Wannan zabgegen mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, idanunsa sun kawo ruwa.

“Ina sonki, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma da a ce ƙarya zan yi, ai da na zaɓi wadda ba za ta hana ni cin abinci ba. Ki sa hannunki ki ji mana.”

Ya san ba zan iya ba. Ba mijina ba ne, hannuna ba shi da hurumi a jikinsa. Na warkar da wuyan matan da ban san sunansu ba, amma wanda nake so sai dai na bi ta hannun abokin hamayyarsa.

“Ka gaya wa Umma?”

Ya sunkuyar da kai.

Na fizgi jakata na fita, ko sallama ban yi masa ba.

*

Na sami Umma a ɗakinta tana ninke kayan wanki. Ba ta ɗago ba, da ma jirana take.

Na zube a gabanta na kama ƙafarta. “Umma, don Allah me ya yi miki? Ke da bakinki kike cewa ba ki taɓa ganin surukin kirki irinsa ba. Shi ya yi jinyar Yaya, shi ya rufe mata ido. Yau kuma ya zama abin gudu?”

“Bai yi min komai ba.”

“To mene ne?”

Ta ajiye zanen da ke hannunta. “Ke yarinya ce, Auta. Kina ganin ban lura ba tun kafin Dogo ya buɗe baki? Ki kalli yaron nan in ya zauna gaishe ni. Kafaɗarsa ta hagu a ɗage take, kansa a karkace. Ki gaya min, wa ke tsayawa a bayan mutum ta ɗora haɓarta a daidai wurin nan?”



Halin Yaya ne. Ba ta iya ganin mutum yana wani abu ba tare da ta zo ta bayansa ta ɗora haɓa a kafaɗarsa tana leƙe ba. Ta yi wa Umma in tana yankan albasa, ta yi min ina karatu, har na riƙa ture ta ina cewa haɓarta tsini gare ta. Kuma kullum hagu, don ta ce kar ta hana mutum aiki da hannunsa na dama.

“Umma, zaman tebur ne,” na ce, amma muryata ta yi rauni. “Rabin masu zuwa wurinmu haka kafaɗarsu take.”

“Rabin masu zuwa wurinku sanyi gare su?”

Na fashe da kuka. “Yaya ta rasu, Umma! Na wanke mata kai da hannuna, na ga lokacin da aka fita da ita. Wanda ya mutu ya mutu. Me ya sa za ki binne ni tare da ita?”

Ita ma sai hawaye. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, tana shafa min wuya da tafinta mai kaushi.

“Biyu Allah ya ba ni, Babbata da ke. Na ba yaron nan ɗaya, aka dawo min da akwatunanta. Babbata ba ta gama da shi ba, Auta, kuma kin san halinta, ba ta son a taɓa mata abu. Ki shiga tsakaninsu ki zama me? Ga Dogo nan, ɗan mutunci, kafaɗarsa babu kowa.”

“Ba na son Dogo.”

“So ba ya hana mutum rama.”

“Umma, in na warkar da shi fa?”

Hannunta ya tsaya a wuyana.

Na ɗago na share fuska. “In kafaɗarsa ta sauka, kika gani da idonki, kin yarda? In kuma ta ƙi sauka, wallahi ba zan ƙara yi miki maganarsa ba. Ki kira Dogo ki ce na amsa.”

Ta daɗe tana kallona. “Ba tare da kin taɓa shi ba?”

“Ko rigarsa.”

“To na yarda. Amma duk inda za ki, ƙafata ƙafarki.”

Ina da abin da na dogara da shi. Yaya tana da wata ƙa'ida da babu wanda ke yin ta sai mu biyu. Takan ce tausa rabin magani ce, ragowar rabin yana wurin da mutum ke wuni. In ciwo ya ƙi jin hannu, sai ki je ki zauna a kujerar mai ciwon, ki zauna irin zamansa, ki kalli abin da yake kalla. Jikinki da kansa zai gaya miki inda matsalar take.

*

Ranar da babu aiki muka je, da rana tsaka, ni da Umma. Mai Zane ya tarye mu a ƙasan bene, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon kafaɗarsa.

Ban taɓa sanin ofis yana da ban tsoro ba sai da na gan shi babu mutane. Tebura a jere, kujeru a ture kamar masu su sun tashi a guje, wata rigar sanyi a rataye tana jiran mai ita. Tulun ruwan sha da ke lungu ya yi ɓulɓul shi kaɗai, Umma ta zabura ta kama mayafina.

Teburinsa na can ƙarshe, kusa da taga. Takardun zanen gidaje a naɗe, fensira a cikin wani tsohon kofi, sai babban allon kwamfuta.

Ina ganin allon na ji daɗi ya rufe ni. A karkace yake, an juya fuskarsa zuwa hagu sosai.

“Malam, wa ya juya maka wannan haka?”

Ya sosa ƙeya. “Ni ne. Da daɗewa.”

“Don me?”

Ya saci kallon Umma, sannan ya mayar da idonsa ƙasa. “In yayarki ta tashi daga aiki takan biyo ta nan mu tafi tare. Sai ta tsaya a bayana tana kallon zanen, tana cewa wannan tagar ta yi ƙanƙanta, wannan kicin ɗin namiji ne ya zana shi. Haske yana hana ta gani, shi ne na juya mata.” Ya dubi allon. “Ban iya mayar da shi ba, Auta. Na sha kai hannu, sai na fasa.”

Kishi ya soke ni, ba zan ɓoye ba. Kishin yayata da ke kabari, kun ji abin kunya. Amma a ƙarƙashin kishin murna nake, don ga maganar nan a fili.

“Umma, kin gani? Mutum ya wuni yana kallon gefe, wuya a murɗe, kafaɗa a ɗage, yaya ba zai yi ciwo ba? Jini ma ba ya gudu sosai a wurin da ya ɗaure, dole ya yi sanyi. Babu wani aljani, allo ne a karkace.”

Umma ta matsa gefe. Ta tsaya a bakin taga ta harɗe hannu.

“Tashi can ka tsaya, Malam. Bari na auna maka tsayin kujerar.”

Na zauna.

Kujerar da ɗumi, alhali tun da muka shigo bai zauna a kanta ba. Na ce a raina rana ce ta taga. Na matsa gaba, na ɗora hannuwana inda nasa suka goge fentin teburin, na juya kaina zuwa allon kamar yadda yake yi. Nan take na ji jijiyar bayan kunnena ta ja. Na sassauta jikina, kamar yadda Yaya ta koya min, na bar kujerar ta yi min magana.

Ƙanshi ne ya fara zuwa. Man tausar da Yaya ke haɗawa da kanta, mai ɗan kanumfari, wanda tun rasuwarta na kasa haɗa irinsa.

Sannan na ji an ɗora min haɓa a kafaɗar hagu.

A hankali, kamar mai gudun kar ta firgita ni. Mai tsini. Mai sanyi har cikin ƙashi.

Na so na yi ihu, bakina ya ƙi buɗuwa. A baƙin gilashin allon ina ganin fuskata, ina ganin Mai Zane a tsaye can baya, ina ganin Umma da taga. Babu kowa a kafaɗata. Amma mayafina ya lotsa a wurin.

Da na tashi a lokacin, wataƙila da ta zauna a inda take. Na san haka, na ji shi a jikina. Sai dai in na tashi allon yana karkace, kafaɗarsa ba za ta sauka ba, kuma gobe Umma za ta kira Dogo.

Na miƙa hannu biyu na kama allon. Ya yi ƙara kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, na juyo da shi ya fuskanci kujerar sosai.

A bayana na ji Mai Zane ya saki wani dogon numfashi.

“Ikon Allah,” ya ce. “Auta... Umma... ikon Allah!”

Na waiwaya da ƙyar. Yana tsaye yana juya wuyansa dama da hagu, yana ɗaga hannu sama yana saukewa, yana dariya hawaye na zuba. Kafaɗunsa biyu sun daidaita. Ashe haka yake da tsayi, ashe haka wuyansa yake da kyau. Rabon da na ga wannan mutumin tun ranar da muka raka Yaya gidansa.

“Ya tafi! Wallahi kamar an sauke min buhu. Ko zama ban yi ba fa!”

Ya zube a gaban Umma. “Umma, ki dube ni. Ki tausaya min. Na rasa ɗaya, kar ki sa na rasa biyu. Wallahi zan riƙe ta da amana.”

Umma ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta dube ni.

“Alkawari na yi,” ta ce a hankali. “Tashi, ɗan nan.”

Wannan ce maganar da na yi ta kuka a kanta, na yi ta roƙon Allah na ji. Ga ta ta zo, amma haƙorana na haɗuwa don sanyi.

Na miƙe daga kujerar ina fatan nauyin zai tsaya a can. Ya taso tare da ni.

Mai Zane ya matso, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa keke. Sai murmushin ya ɗan ragu.

“Auta, me ya sami kafaɗarki?”

Na dube shi. In na faɗa masa, na san abin da zai yi. Zai koma kujerar nan ya sake juya allon, ya ce ta dawo, don ba zai yarda na ɗauki kayansa ba. Shi ke nan mun koma gidan jiya, shi a gadon Dogo, ni a bayan katako.

Na gyara mayafina na rufe wurin.

“Babu komai,” na ce. “Jakata ce ta yi nauyi.”

*

Muka kama hanyar gida ni da Umma. A cikin mota ta zauna ta damana, ko da yake akwai wuri ta hagu. Na yi ta danna kafaɗata da babban yatsa a ɓoye, ina bin jijiyar kamar yadda nake gaya wa Dogo. Yatsana ya yi sanyi har ya daina ji. Allah sarki Dogo, na zage shi a banza.

Muna shiga gida ta mayar da ƙofa ta sa sakata ta murza mukulli, abin da ba ta yi sai in za a kwanta. Rana ko faɗuwa ba ta yi ba.

“Umma, na gode,” na ce, ina ƙoƙarin yin murmushi. “Allah ya ƙara girma. Ba za ki yi nadama ba.”

Ba ta ji ni ba. Ta tako a hankali har gabana, idanunta cike da hawaye, fuskarta ɗauke da wani irin farin ciki da rabona da gani tun Yaya na da rai. Ta ɗaga hannu. Na zaci kumatuna za ta shafa.

Hannun ya wuce fuskata. Ya tsaya a sama da kafaɗata ta hagu, a iska, daidai inda kan mutum zai kasance. Ta fara shafawa daga sama zuwa ƙasa.

“Babbata,” ta ce. “Kin daɗe ba ki zo gida ba.”

Haɓar ta motsa a jikina, kamar mai lafewa.

“Umma!” Kuka ya ƙwace min. “Umma, ki daina, ina jin tsoro! Ni ce Auta, ki dube ni!”

“Ina ganinki.” Ba ta daina shafawa ba. “Tun a ofis na gani. Ba a ɓoye wa uwa 'yarta da mayafi.”

“To ki taimake ni. Kin yi alkawari, kin ce masa ya tashi.”

Sai a lokacin ta dube ni sosai, da tausayi, irin kallon da take min in zazzaɓi ya kama ni.

“Ke na ce zan ba shi, kuma ban fasa ba. Ranar da kika zama ke kaɗai, ki tafi da albarkata. Amma wannan sau ɗaya na ba shi ita, Auta, na ga yadda aka yi. Ba za ta sake fita daga gidan nan ba.”

Ta zare mukullin ta ɗaure a bakin zanenta, ta wuce ɗakin Yaya. Ina ji tana buɗe tagogi, tana kakkaɓe katifa, tana 'yar waƙarta ta aikin gida.

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka.

Na ciro ta. Mai Zane ne, ga hotonsa yana murmushi. Na tsaya ina kallon fuskarsa, ina neman abin da zan ce masa, wayar tana ta ruri.

Sai da ta kusa yankewa na lura da hannuna. Na karkata wayar zuwa hagu, don haske kar ya hana ta gani.